Wasan tsakar gida na 'yan shekara 1 zuwa 3 a wannan bazarar: masu sani ku taimaka

Shugabar Zaure: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayar da ta fi yawa wannan makon ita ce ta yaran da aka yaye ko ake shirin yayewa. Bazara ta kankama, ɗaki ya zama tanda, wuta ba ta zama, yaro kuma ba ya zama wuri ɗaya, ƙarshenta a miƙa masa waya don a samu lafiya. Muna son masu sanin abin su faɗa mana wasannin da za a haɗa musu a tsakar gida da kayan da ke hannu. Don Allah a kawo awo da yadda ake yi da inda ake kuskure. Kada a ce mana "a ba su ruwa su yi wasa" a ja baki a yi shiru.

Nas ɗin Yara: Wa alaikumus salam, Hajiya. A tsayar da lokaci tukuna, don daga nan ake fara kuskure. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, kuma awon inuwa ke nan. Simintin da rana ta daka ya wuce haka nesa ba kusa ba. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, ga shi ba zai ce ƙishi yake ji ba, sai dai ki ga rigima. Lokacinsu 2 ne: da safe zuwa ƙarfe 10, sai bayan la'asar in rana ta yi sanyi, a shigo da su kafin magariba. Ko da yamman ne, ki ɗora bayan hannunki a kan daɓen ki ƙirga 5 a hankali. In kin kasa jurewa, tafin ƙafarsa ba zai jure ba, a yayyafa ruwa a jira ko a shimfiɗa tabarma. Ruwan sha ya zauna kusa, ki miƙa masa duk bayan minti 15 zuwa 20 ko bai nema ba. In kin ga leɓensa ya bushe, fitsari ya ragu ya yi duhu, ko ya yi laushi ya daina kula abin wasan, an tashi wasa ke nan. A kai shi inuwa, a cire riga, a shafa masa ruwa, a ba shi ya sha. In bai farfaɗo ba ko ya fara amai, asibiti.

Malamar Reno: Na gode Sista. To ga na farko, wasan zuba ruwa, wanda ya fi kowanne riƙe su. Baho mai faɗi marar zurfi, ruwa lita 4 zuwa 5, yadda zurfinsa ba zai wuce faɗin yatsu 2 ba. Kayan ciki: kofuna 3 masu girma daban-daban, ludayin duma 1, soso sabo a raba shi biyu, da mazurari. Mazurarin ba sai an saya ba, a yanke saman gorar roba, a goga bakin yankan a gindin tukunya mai zafi ya lanƙwashe ya daina kaifi. Gindin gorar kuma a huda shi wuri 5 ko 6 da ƙusa mai zafi, ya zama abin yayyafi. Murfin gorar a ɗauke shi daga wurin gaba ɗaya.

Ɗan shekara 1 cikawa da juyewa ce kawai aikinsa, zai yi ta sau ashirin bai gaji ba, kuma ba shirme yake ba, hannu da ido yake haɗawa. Ɗan shekara 2 yana iya juyewa daga kofi zuwa kofi da matse soso. Ɗan shekara 3 a ba shi aiki: ya ɗebo ya kai wa shuka, ya wanke 'yar tsana, ya wanke cokula. Kuskure biyu nake yawan nuna wa iyaye. A tara wa yaro kaya goma a baho, sai ya rikice ya watsar ya tashi. Ko uwa ta tsaya a kansa tana "ba haka ba, kawo in nuna maka". Ki yi sau ɗaya yana kallo, ki ja baya ki riƙa faɗa masa sunan abin da yake yi: ya cika, ya zube, babu, saura kaɗan. Minti 10 zuwa 15 ya riƙe shi, an ci riba.

Baban Yara: Malama, yatsu 2 ai ko kaza ba ta jiƙe ba. Me zai hana a cika musu baho su shiga su sha sanyi? Akwai ma na roba da ake hurawa, ana sayar da shi a kasuwa.

Nas ɗin Yara: Yallaɓai, a nan ba zan sassauta ba. Yaro a wannan shekarun kansa ya rinjayi jikinsa. In ya kifa a ruwa, ko na santimita 5 ne, ba lallai ya iya ɗago fuska ba, kuma ba ya ihu ba ya fantsama, shiru za a ji. 'Yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda ruwa ya fi ci a duniya, kuma da yawa a cikin gida ne ba a kogi ba. Mafi sharri shi ne bokitin fenti mai lita 20: dogo ne, ga nauyi in da ruwa, yaro ya leƙa ya zunduma da ka, bokitin ba zai faɗi ya sake shi ba. In za a sa shi a na hurawar, ruwan kada ya rufe cinyarsa yana zaune, babba ya zauna inda hannunsa zai kai gare shi, ba waya, ba "bari in duba tukunya". In za ki tashi, ki tashi da yaron. Yayarsa 'yar shekara 7 ba mai tsaro ba ce, ita ma wasan take. Ana gamawa a zubar a kife. Ba a kwana da ruwan don a sake amfani da shi gobe, yara suna fitsari a ciki suna kuma kurɓa, gudawa ke nan. Kada kuma a ɗiga masa ruwan bilicin wanki wai don ya kwana. A rufe rijiya da murfi mai nauyi, a rufe randa da duro.

Baban Yara: Na ji, Sista. Allah ya tsare.

Maman Biyu: Masu sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa fa? Lita 5 kullum ba wasa ba ne.

Malamar Reno: Akwai wanda kofi 1 ya isa. Burushin fenti sabo mai inci 2, ko tsumma a ɗaure a kan kara, da ruwa zalla. Yaro ya yi ta shafa wa katangar siminti ko daɓe. Wurin ya yi duhu, kafin ya kai ƙarshen bango zafi ya shanye na farko, ya dawo ya sake. Ba datti, ba wankin kaya. Sai dai banda katangar ƙasa, za ta zaizaye, banda kuma bangon da tsohon fenti ke ɓarewa, don ɓarɓashin zai koma baki. Ruwan bahon ma ba asara ba ne, da shi za ki yayyafa tsakar gida kafin shara ko ki ba shuka.

Kafinta: Ni akwatin yashi zan kawo, tunda aikinmu ne. Katako 4, kowanne tsawon mita 1, faɗin inci 8 ko 9. A goge su da sanfefa har sai hannu ya bi bai ji sartse ba, a kashe kaifin kusurwa. A haɗa da sukuru ya fi ƙusa, ƙusa tana zarowa in katako ya sha rana ya motsa. Ba a yi masa gindin katako, ruwa zai kwanta ya ruɓar da shi. A shimfiɗa buhunan shinkafa 2 da aka farke a ƙasa, ruwa yana bi ta saƙar ya wuce, yashin kuma ba ya cakuɗa da ƙasa. Kada a shafa masa baƙin mai don gara kamar yadda ake yi wa katakon rufi, yaro zai ɗora baki a kai. Zurfin yashi santimita 15 ya isa, wato lita 150, bokitin fenti 7 zuwa 8. Sai murfi: falange mara nauyi ko buhu da aka ɗinke a danne gefensa da bulo.

Magini: Malam ya yi daidai, sai dai maganar wane yashi. Na kwaɓa kankare yana da tsakuwa da kaushi, ba ya kama jiki in an jiƙa. Na filasta mai laushi za a nema. A tankaɗe shi da rariyar waya ko tsohuwar ragar taga, za ku sha mamakin kwalba da ƙusa da kashin awaki da za su fito. A wanke a baro ko baho, a tsiyaye ruwan sama sau 2 ko 3 har ya daina fitowa ja, don ƙurar ce take sa tari da ciwon ido. A baza a rana kwana 2 ana juyawa. Kada a kwaso ragowar wurin gini inda aka yi kwaɓi, siminti ya shiga, yana cin fata. Lokacin wasa a yayyafa masa ruwa kamar kofi 3 ko 4 a gefe ɗaya. Gwajinsa: ki dunƙula a hannu, in ya tsaya bai ɗiga ba bai kuma wargaje ba, ya yi. Busasshe iska ke watsawa a ido, jiƙaƙƙe sharkaf kuma ba ya fita daga kofi in an kife.

Nas ɗin Yara: Ƙari a kan inda ake ɗebo yashi. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, daga ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙananan yara ta fi kamawa saboda su ne ke wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Duk yashi ko ƙasar da ta fito daga wurin haƙar ma'adinai, ko inda ake fasa tsohon batirin mota, ko bakin garejin makanikai, kada ta shigo gida. Murfin da Malam Kafinta ya ce kuma ba ado ba ne. Mage tana ganin yashi mai laushi ta samu masai, kashinta yana ɗauke da cuta.

Malamin Gona: Da kunama. Da zafin nan wuri mai danshi da duhu take nema, ƙarƙashin murfin akwatin ya dace da ita. A ɗaga murfi da sanda, a tona yashin da ita kafin yaro ya sa hannu, a kakkaɓe tabarma da takalmi. Minti 1 ne aikin. Harbin da babba zai sha da ƙyar ya warke yana iya kayar da ƙaramin yaro, in ta faru a wuce asibiti kai tsaye.

Gwaggo: Ikon Allah. 'Ya'yan nan, duk wannan awon da santimita, tuwon ƙasa fa kuke nufi. Gwangwani da murfin kwano da tsinke da ganye, a tuƙa a kwashe a raba wa kowa. Ido ba mudu ba, ya san kima.

Malamar Reno: Wallahi Gwaggo shi ne, kuma babu abin da kanti ke sayarwa da ya kai shi. A cikinsa yaro ke koyon kwaikwayo da jira da "ungo naka". Gyara biyu kawai. Gwangwanin tumatir da na madara bakinsu reza ne, a daddake shi da guduma ya kwanta, ko a musanya da 'yar ƙwarya da murafen roba manya. Sannan ƙasar ta fito daga akwatin, ba daga bakin kwata ko turken awaki ba. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Zai ɗan kai yashi baki, kowane yaro yana yi, ki share ki ba shi ruwa. Wanda ya mai da cin ƙasa sana'a, yana nemanta yana haɗiya kullum, wannan a kai shi a auna jininsa, sau da yawa ƙarancin jini ne.

Malamin Kimiyya: Bari in shigo da launi. Fentin yatsa na gida: kamu babban cokali 4 a ruwa kofi 1, a dama a wuta ya fi koko kauri, yadda in an ja yatsa a ciki layin zai tsaya. A juye a faranti ya huce sarai. A kula, samansa yana yin fata ya yi sanyi alhali cikinsa wuta ne, sai an sa yatsa har ƙasa an tabbatar. A raba gida 3 ko 4. Ja: zoɓo cikin hannu 1 a tafasa a ruwa rabin kofi, a tace, ko karan dafi. Rawaya: kurkur kan ƙaramin cokali. Kore: ganyen zogale ko alayyahu a daka a matse. Baƙi: gawayi a daka a tankaɗe. A zuba cokali ɗaya-ɗaya a babban tire ko kwalin da aka farke, a tuɓe wa yaro riga ya rage wando. Kurkur ba ya fita daga farin kaya, kada a ce ban faɗa ba. Shuɗin bula na wanki da tawadar biro da fentin gida ba sa cikin lissafi. Abin da ya rage a zubar ranar, da zafin nan kafin dare ya yi tsami, ga ƙuda ga tururuwa.

Ga 'yan shekara 3 akwai abin mamaki: ruwan zoɓo a kofi 2 masu haske. A matsa lemun tsami a ɗaya, zai ƙara haske ya yi ja wur. A ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, zai juye ya yi duhu ya koma wajen kore. Launin zoɓo yana canzawa ne da tsami ko kishiyarsa. Kurkur ma in ya haɗu da kanwa ja yake komawa. Babba ne ke riƙe kanwar, don tana da zafi a ido.

Maman Biyu: Malam, na ga ana kwaɓa fulawa da gishiri a yi abin mulmulawa. Nawa ake sawa?

Malamin Kimiyya: Da gwangwanin madara: fulawa 2, gishiri rabi, man gyaɗa babban cokali 2, ruwan ɗumi kashi 3 cikin 4 na gwangwani, ana zubawa kaɗan-kaɗan. A murza minti 5. In yana manne wa hannu a ƙara fulawa, in yana tsagewa a jiƙa hannu a sake murzawa. Gishirin ne ke hana shi lalacewa, a leda a ɗaure yana yin kwanaki.

Nas ɗin Yara: Malam, a yi haƙuri, wannan ba na ɗan ƙasa da shekara 2 ba ne, ko duk yaron da har yanzu komai baki yake kaiwa. A wannan haɗin kusan kashi 1 cikin 4 na nauyinsa gishiri ne. Curi kamar ƙwan kaza yana ɗauke da sama da ƙaramin cokali 2, kuma wannan ya isa ya jigata yaro mai kilo 10, har da jijjiga. Yawanci suna tofarwa, amma ba a gina tsaro a kan yawanci.

Malamin Kimiyya: Gaskiyarki, Sista. Ga ƙanana a cire gishirin, a kwaɓa kaɗan na rana ɗaya.

Gwaggo: Ni dai fulawar ce ta tsaya mini. A wannan tsadar a kwaɓa abinci a ba yaro ya tattaka? Gobe ki sa masa tuwo ya ɗauka abin wasa ne, ki ce ya yi rashin ji. Ina yumɓu ya tafi?

Magini: Gwaggo ta kawo mu gida. Yumɓu a saya wurin masu ginin tukwane, curi kamar kan yaro ya isa wata guda. Na bakin kududdufi da na kwata a bar shi, ƙazanta ce ta taru a ciki. In busasshe aka samu, a farfasa a jiƙa ya kwana, a tsince tsakuwa, a murza. Awo 3 na yumɓu, awo 1 na yashi mai laushi, shi ke rage tsagewa. A ba yaro curi kamar lemo a kan faifai ko katako, da kofin ruwa kaɗan na jiƙa hannu. Kada a jira ya gina sa ko tukunya. Ɗan shekara 2 dannawa zai yi da tsinkewa da soka yatsa, ɗan shekara 3 ya fara mulmula dogo kamar maciji. A ba shi ganyen mangwaro ya danna ya ɗaga ya ga zanen jijiyar, ko ya danna tafin hannunsa. Abin da ake son ajiyewa a shanya a inuwa kwana 2 zuwa 3. In aka sa a rana, baya ya bushe ciki da danshi, sai ya dare. Ragowar a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma a sa a leda. Ƙananan mulmule kamar gyaɗa a haɗe su da babban curin kafin su bushe, in sun bushe duwatsu ne.

Malamar Reno: Wannan ya kawo mu kan girman kaya. Ki haɗa babban yatsanki da manuni ki yi zobe. Duk abin da ya wuce ta ciki ba na ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne: 'ya'yan tsamiya, ƙwallon dabino, gyaɗa, wake, duwatsun carafke, murfin lemo, kwabbai. Balan-balan ma, in ta fashe guntun yana manne wa maƙogwaro. Matsalar gidan yawa ita ce yayye suna carafke a gefe, ƙaramin yana tsince. A raba musu wuri.

Nas ɗin Yara: In wake ko tsakuwa ta shiga hanci ko kunne, kada a sa tsinken ashana, tura shi ciki za a yi. Kada a zuba ruwa, wake kumbura yake. A kai asibiti. In ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo ne, na agogo ko na abin wasa, ko haɗiya ko hanci, a tafi a lokacin ko tsakar dare ne, yana ƙona nama cikin 'yan sa'o'i.

'Yar Maraɗi: Sannunku da aiki. Ga manyan kaya da ba sa wucewa ta cikin zoben Malama: goruba sukutum, da ƙwallon kuka wanda ba a fasa ba. Goruba 5 ko 6 da kwando, yaro ya kwashe ya zuba, ya gangara su a kan katakon da aka jingina da bulo. Kuka busasshiya in an girgiza tana kaɗawa kamar caki, amma a goge gashin bayanta da yashi da ruwa tukuna, yana sa ƙaiƙayi. Tsohuwar ƙwarya a kife, a ba shi ludayi, ya samu ganga. Maƙwabta dai sai haƙuri.

Baban Yara: Kumfar sabulu fa, wadda ake hurawa? An gwada da Omo ba ta tashi.

Malamin Kimiyya: Garin wanki ba ya yi, ga shi da zafi a ido. Sabulun wanke-wanke na ruwa awo 1, ruwa awo 6, sukari ƙaramin cokali 1 a kowane kofi. A juya a hankali kada ya yi kumfa, a bar shi ya kwana. Abu biyu ke kashe ta. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri yana karya sabulu, a yi da ruwan leda. Sai busasshiyar iska: fatar kumfar ruwa ce siririya, da rana tana bushewa nan take ta fashe, sukarin jinkirta bushewar yake. Shi ya sa ta fi tashi da sassafe. Babba ne zai hura, yaro ya bi yana fasawa, don da yawansu kafin shekara 3 zuƙa suke maimakon hurawa. A yi a kan ƙasa ko yashi, a kan tayil santsi ne.

Malamin Gona: Kafin a saki yaro a tsakar gida ko bayan gida a zagaya a duba abin da ya tsiro. Cin-da-zugu da ake shinge da shi, 'ya'yansa suna kama da gyaɗa kuma ba su da ɗaci, yara suna ci su kama amai da gudawa. 'Ya'yan zurma guba ne. Idon zakara, jajayen nan masu baƙin ɗigo da yara ke son tarawa, ƙwaya ɗaya da aka tauna tana iya kisa. Zaƙami yana gusar da hankali. Tumfafiya da tinya, farin ruwansu in ya shiga ido yana ƙona shi. A tuge ko a killace. 'Ya'yan darbejiya da ke zuba a inuwar da aka fi zama a share su kullum.

In ana son shuka, wake ya fi sauri, kwana 3 zuwa 5 ya fito, masara ta ɗan fi haka. Gorar roba a yanke rabi, a huda gindi wuri 3, ƙasa awo 2 da ruɓaɓɓen taki awo 1. Babba ya sa ƙwaya 2 a zurfin gaɓar yatsa 1, yaro ya rufe ya ba da ruwa. Irin shuka na kanti mai hoda ja ko shuɗiya magani ne a jikinsa, kada ya taɓa. Abin da ke kashe shukar yara ruwa ne, don sun fi son bayarwa sau goma. A ware masa ƙaramin kofi, 1 da safe 1 da yamma, a ajiye inda rana ke taɓawa da safe kawai, sama da bakin akuya.

Malamar Reno: Kada mu cika su da wasan zaune. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaro daga shekara 1 ya samu motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana, a rarrabe ba a jere ba. Ɗan shekara 1 ba a so a zaunar da shi gaban allo sam, ɗan shekara 2 kada ya wuce awa 1. Sun kuma ce kada a tsare yaro wuri ɗaya sama da awa 1 a jere, har goyo suka ambata. Hanya mai sauƙi: a jera tabarma, buhu, yashi mai danshi, sai katako mai faɗin taƙi 1 a kwance a ƙasa, ya bi ta kai ba takalmi. A ja layi da gawayi ya bi. A dunƙule tsofaffin safa a yi ƙwallo ya jefa a kwando daga taku 2. A sa bulo 1 a cikin kwali ya tura. Turawa ta fi ja, don doguwar igiya tana naɗe wuya.

Gwaggo: Yanzu goyon ma laifi ne? Da wa za a bar shi a yi girki?

Malamar Reno: Ba laifi ba ne, Gwaggo, kusa da murhu ma bayan uwa ya fi masa ko'ina. In yana barci a baya ba a lissafa shi. Wanda idonsa biyu, ya iya tafiya, shi ne ake so a sauke in an sauke tukunya ya taka ƙasa. Da zafin nan ma doguwar goyo ita ke kawo ƙurajen zafi a ƙirji da wuya.

Gwaggo: To wannan na yarda.

Maman Biyu: Sista, mai sikila fa? Za a bar shi ya yi wasan ruwan?

Nas ɗin Yara: Zai yi, da sharaɗi. Abu biyu ke tayar musu da ciwo a nan: ƙarancin ruwa a jiki da sanyi na farat ɗaya. Ruwan wasansa kada ya zama na randa mai sanyi ko na ƙanƙara, a bar shi ya ɗan sha iska. Hannu kawai zai sa, in riga ta jiƙe a canza nan take, kada iska ta busar da ita a jikinsa. Shan ruwansa ya fi na sauran. In hannu ko ƙafa ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo, asibiti ranar. Zabiya kuma inuwa sosai, hula mai baki, riga mai dogon hannu ta auduga, ko da safe ne.

Shugabar Zaure: Saura tambaya ɗaya da aka turo: in damina ta sauka, dogon hutu ya zo, me zai canza?

Malamin Gona: Duk abin da ke riƙe ruwa ya zama gidan sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, don haka baho da gwangwanaye da ƙwarya a kife su kullum. Masu yin akwatin yashi da tsohuwar taya su huda ta wuri 5 ko 6 ta ƙasa, su duba wayar da ke leƙowa.

Nas ɗin Yara: Kududdufi kuma haram, ko da rakiyar yayye, ga nutsewa ga tsargiya. Wasan yayyafi a tsakar gida minti kaɗan ba komai in ba tsawa, a goge jiki a canza kaya. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin sauro na wata-wata ga 'yan wata 3 zuwa 59 in sun zo, a karɓa a kuma cika na kwana 3, ba na ranar farko kaɗai ba.

Kafinta: Akwatin ma a ɗaga murfinsa ta gefe ɗaya da bulo, ya yi gangare ruwa ya zube. In yashin ya sha ruwa ya fara wari, a kwashe a baza a kan buhu ranar da aka samu rana, a duba gindin katakon ko gara ta fara hawa kafin a mayar.